Taga da zafin rana

Gamu gari ne na gundumar Gure, cikin jihar Damagaram. Ƙasa ce ta rairayi da iska. Daga watan Maris har faɗuwar ruwan farko, zafi ne ke mulki. Cikin Afirilu da Mayu ma'aunin zafi yakan kai digiri 40 a inuwa, yakan wuce ma. Cikin Disamba da Janairu kuwa sanyi ke saukowa da dare, iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas da ƙurarta. Da damina hadari yakan fito daga gabas, ruwa ya bugi bango. Ɗaki guda ne zai jure wa waɗannan abubuwa duka.

Sau da yawa mutum yakan je cin rani Nijeriya ko Libiya, ya komo da ƴan kuɗi, ya ce zai gina ɗaki irin na birni. Ya sayi siminti da kwano. Ya sa a kawo masa babbar taga mai gilashi daga Zinder, a kafa ta wajen da ke duban hanya, don kowa ya gani. In hanyar tana yamma da gida, tagar ma sai ta dubi yamma. Ɗaki ya yi kyau, mutane su zo su yi barka. Amma da bazara ta kama, daga azahar ba mai iya zama ciki. Jariri ya yi ta kuka, tsohuwa ta ɗauki tabarmarta ta koma tsohon soro na ƙasa. Kuɗin rani biyu ke nan suka tafi ga ɗakin da ba a shiga sai bayan tsakar dare.

Laifin ba na taga ba ne ita kaɗai. Rufin kwano marar rufin ciki ya fi ta kawo zafi. Amma taga ita ce wurin da aka huda bango, kuma ita ce aka fi yin kuskure wajen zaɓenta.

Yadda zafi ke shiga ta taga

Zafi yana shiga ta hanya uku. Ta farko hasken rana ne da kansa, in ya faɗa cikin ɗaki. Ta biyu ratsawa ce: rana ta gasa ƙyauren taga daga waje, zafin ya ratsa shi ya fito ciki, kamar yadda ludayin ƙarfe ke ɗaukar zafin miya har ya kai hannu. Ta uku iska ce mai zafi da ke shigowa in taga tana buɗe da rana tsaka.

Hanya ta farko ta fi sauran ƙarfi nesa ba kusa ba. Ana auna ƙarfin zafi da ma'aunin da ake kira wat. Mutum babba da ke zaune ba ya aikin komi, jikinsa yana fid da zafi wajen wat 100. Shi ya sa ɗaki ke ɗumi in jama'a ta cika shi. Da rana tsaka, in sama ta yi garau, fili mai metir ɗaya tsawo da metir ɗaya faɗi yana samun wajen wat 1000 daga rana. Tagar da ke duban yamma, mai wannan girma, takan sami fiye da rabin haka da la'asar. Gilashi farar fata ba ya tare hasken, kashi 85 cikin 100 na zafin yana wucewa. Ke nan taga guda tana zuba wa ɗaki zafi wajen wat 500. Tamkar baƙi biyar ne suka shigo suka zauna, ba su fita sai rana ta faɗi.

Gilashi yana da wani hali kuma. Yana barin haske ya shiga, hasken ya gasa daɓe da gado da bango. Zafin da waɗannan ke mayarwa ba ya fita ta gilashi da sauƙi, iskar da ta ɗumama kuma ba ta da mafita. Duk wanda ya taɓa shiga motar da aka rufe aka bari cikin rana a tasha ya san wannan.

Wani masanin Nijar ya yi aiki da wannan hali na gilashi. Shi ne Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya shugabanci ofishin binciken ƙarfin rana na Yamai daga 1969. Ofishin ya ƙera na'urorin ɗumama ruwa da rana. Sirrinsu akwati ne mai baƙin ciki, da bututun ruwa, an rufe shi da gilashi an fuskantar da shi ga rana. Ruwa yakan yi zafi ba itace ba gawayi. Wanda ya kafa babbar taga ta gilashi wajen yamma, irin wannan akwati ya gina, sai dai mutane ne ciki maimakon ruwa.

Hanyar rana bisa Gamu

Kowa ya san rana tana fitowa gabas ta faɗi yamma. Amma ba hanya guda take bi ba duk shekara. Gamu tana wajen digiri 14 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka sau biyu cikin shekara rana take tsayawa daidai bisa kai: wajen ƙarshen Afirilu, da wajen tsakiyar Agusta. A ranakun nan, in aka kafa sanda tsaye da rana tsaka, ba a ganin inuwarta. Tsakanin waɗannan lokuta biyu rana tana ɗan karkata arewa. Sauran watanni kuwa tana karkata kudu, wato gusum. Cikin Disamba take karkatawa ƙwarai.

Daga nan ake gane bambancin bangaye huɗu na ɗaki. Da bazara, rana tsaka tana can sama, rufi take duka. Bangon kudu da na arewa ba su samun ta sai kaɗan, a kaikaice. Na gabas da na yamma su ke shan wuya, don da safe da marece rana tana ƙasa-ƙasa, tana leƙa taga kai tsaye kamar mai neman wani abu. Tsakanin su biyu na yamma ya fi muni. Da safe ɗaki yana da sauran sanyin dare. Da la'asar kuwa iska ta riga ta kai iyakar zafinta, bango ya ƙoshi da rana, sa'an nan a ƙara masa wat 500. Bangon gabas shi ma yana da nasa ciwo: shi ne ruwan hadari ke bugu, taga in ba ta da mahaɗi mai kyau sai ruwa ya bi ta ya zaizaye ginin.

Don haka manyan tagogi wajen kudu da arewa suka kamata. Gabas da yamma a bar su rufe, ko a yi musu ƴar ƙarama. Wannan shawara ba ta cin ko dala, amma lokacinta guda ne: ranar da ake ja layin tushe. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. In bango ya tashi, juya ɗaki sai rushewa.

Ƴar rumfa bisa taga

Taga ta kudu tana bukatar ƴar rumfa bisa kanta, ta kwano ko ta siminti ko ta zana. Ga lissafinta. A ce taga tana da metir ɗaya tsawo, an yi mata rumfa mai fitowa santimetir 50 daga bango, daidai bisa kanta. Daga tsakiyar Fabrairu har ƙarshen Oktoba, da rana tsaka, inuwar rumfar tana rufe tagar baki ɗaya. Cikin Disamba, da rana ta karkata kudu, inuwar ba ta wuce santimetir 65. Sauran santimetir 35 na ƙasa suna samun rana. Wannan ba hasara ba ce. Lokacin sanyi ke nan, ɗaki yana son ɗan ɗumi. Rumfa ba ta motsa ba, amma ta tare rana lokacin da ba a son ta, ta bar ta lokacin da ake marmarinta.

Taga ta arewa ba ta bukatar rumfa mai faɗi haka. Santimetir 20 sun isa da rana tsaka. Sai dai cikin Mayu da Yuni da Yuli rana tana fitowa ta ɗan arewa da gabas, ta faɗi ɗan arewa da yamma. Ɗan tudun bango a gefen taga, dama da hagu, yana tare wannan.

A kai rumfar nan ta santimetir 50 wajen yamma, a ga abin da za ta yi. Bayan ƙarfe biyar na marece inuwarta ba ta kai santimetir 30 ba. Rana tana wucewa ta ƙarƙashinta. Taga ta yamma ba abin da ke kare ta sai abin da ke tsaye gabanta: ice mai ganye, kamar dogon yaro, ko zana, ko asabari da aka rataya daga waje, ko doguwar rumfa irin ta zama.

Daga waje, an ce. Wannan ne mutane da yawa ba su lura ba. Labulen da ke cikin ɗaki yana tare haske ga ido, amma zafin ya riga ya wuce gilashi, yana ciki. Labulen ya ɗumama, shi kuma ya ɗumama ɗaki. Asabari na waje kuwa yana shan zafin tun can, iska ta kwashe. Tabarmar kaba ta kasuwa da aka rataya waje ta fi labule mai tsada na ciki aiki.

Abin da magina na da suka sani

Wanda ya zagaya unguwar Birni ta Zinder, ko tsohon garin Agadas, zai ga soraye masu kaurin bango da ƴan tagogi ƙanana can sama kusa da rufi. Wasu ba su fi faɗin faifai ba. Dalilai suna da yawa. Akwai sutura, kada mai wucewa ya leƙa. Akwai tsoron ɓarawo. Akwai ƙarfin gini, don babban rami yana raunana bangon ƙasa kuma yana cin azara. Akwai kuma zafi.

Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafi sannu a hankali. In kaurinsa ya kai santimetir 40, zafin da ya bugi bayansa da rana ba ya isa ciki sai bayan awa takwas ko goma, wato da dare. Da rana ɗaki yana riƙe da sanyin da ya tara jiya. Babbar taga buɗe tana ɓata wannan tanadi cikin awa guda. Ƴar taga ta sama kuwa tana fid da iska mai zafi, don iska in ta ɗumama sama take tashi, kamar hayaƙi.

Amma ba komi na da ne ya isa ba. Irin waɗannan ɗakuna suna da duhu. Yaro ba ya iya karatu ciki ko da rana. In an hura wuta lokacin sanyi hayaƙi ba ya fita da sauri, yana kawo tari da ciwon ido. In mutane da yawa suka kwana ɗaki guda ba mafitar iska, cuta tana saurin bin su. Mutanen da a tsakar gida da zaure da gindin ice suke wuni, ɗaki na kwana ne da ajiya. Yau ana son a yi karatu ciki, a yi ɗinki, a karɓi baƙo. Taga ta ƙaru ba laifi, in dai ta ƙaru wajen da ya kamata, da inuwarta.

Zancen azara ma ya sauya. Giginya da goriba sun yi wuya, rairayi yana cin kwaruruka na ƙasar Gure. Tun 1980, a Cikal kusa da Filinge, aka fara koya wa magina ginin da ba ice. Ana rufe ɗaki da tulluwa ta tubalin ƙasa, kan ƙofa da kan taga a yi musu baka. Taga mai baka ba ta bukatar ko azara ɗaya, gara kuma ba ta da abin ci.

Rufe da rana, buɗe da dare

Akwai wata al'ada da ke cutarwa: in an ji zafi sai a wangale taga. Da bazara, da rana tsaka, iskar waje ta fi ta cikin soro zafi. Buɗe taga a lokacin nan gayyato zafi ne. Abin da ya dace shi ne a rufe tun da hantsi, a bar ƴar kafa ta sama kaɗai. Da dare iska takan sauka ƙasa da digiri 30, da asuba ma ta fi haka sanyi. Sa'an nan ne ake buɗewa duka, iska ta wanke bango, ta kwashe zafin da ya tara.

Taga ɗaya ba ta wannan aiki. Iska ba ta shiga inda ba ta da mafita; wanda ya hura cikin kwalba ya sani. Sai taga biyu masu fuskantar juna, ko taga da ƙofa. In ɗaya tana ƙasa ɗaya tana sama, ya fi.

Da damina al'amari ya sha bamban. Iska tana zuwa daga kudu maso yamma da laima, jiki yana son ta bi ta kansa dare da rana. Lokacin ne kuma na sauro. Don haka taga tana son ragar waya mai ƙananan ido. Raga tana rage iska, ƙura kuma tana toshe ta, sai a riƙa goge ta. Amma masassarar cizon sauro ta fi ɗan zafi tsada. Raga ba ta hana a kwana cikin gidan sauro.

Katako, ƙarfe ko gilashi

Katako ba ya ɗaukar zafi da sauri. Ƙarfe ya fi shi ratsar da zafi fiye da sau 200, alminiyam kuwa fiye da sau 1000. Wajen zafi ƙyauren katako ya fi. Sai dai katako mai kyau yana da tsada, rani yana tsaga shi, gara tana cin sa. Shi ya sa mafi yawa suke zuwa wurin mai walda.

Tagar ƙarfe iri biyu ce. Akwai ta fallen kwano guda: in an rufe ta duhu, ba iska, kuma ta yi zafi kamar tanda. Akwai mai sili-sili a jere, a karkace, wadda ake cewa persiyan da Faransanci. Ita ce ta fi dacewa da ƙasar nan. Tana tare hasken rana, tana barin iska, tana hana ido, ana kuma iya kwana da ita a kulle ba tsoron ɓarawo. In silin masu juyawa ne, ana rage su ana ƙarawa yadda ake so. Aibinta ƙura: da hunturu ba ta hana ta shiga. Maganin haka ƙyaure na biyu daga ciki, ƙarami, na katako ko na gilashi, wanda ake rufewa ranar hazo da daren sanyi. A nan ne gilashi ke da amfani, yana bayan sili, rana ba ta taɓa shi.

Fenti ma abin lura ne. Baƙin ƙarfe da ke cikin rana yakan wuce digiri 60, ba a iya ɗora masa hannu. Fari yana mayar da mafi yawan haske. Masu walda sun fi son fenti mai duhu don ba ya nuna dauɗa. Mai ɗaki ya nace a kan fari ko mai haske.

Tagar alminiyam mai zamewa, wadda ake yayi cikin birane, rabinta kaɗai ke buɗewa. Rairayi yana cika hanyar da take zamewa. Gilashin da ya fashe kuma sai an nemo wani daga nesa. Baƙin gilashi yana rage haske, amma shi kansa yana shan zafi ya zuba wani kaso ciki. Mai kama da madubi yana hana na waje gani da rana. Da dare, in an kunna fitila, sai abin ya juya, na waje ke ganin na ciki.

Gilashin ƙasashen waje

A Turai da Amurka ana ƙera taga mai gilashi biyu da iska tsakani. Bayan tsadar man fetur ta 1973 aka ƙara ƙoƙari, har aka samo wani shafi marar kauri da ake yi wa gilashi, ido ba ya ganin sa, yana barin haske yana tare zafi. Irin da aka yi don ƙasashe masu zafi yana iya rage abin da ke wucewa daga kashi 85 zuwa wajen kashi 30. Ana rubuta wannan lamba jikin takardar taga, tsakanin 0 da 1. Ga ƙasar zafi, ƙaramar lamba ake nema.

Irin wannan taga ta ɗakin da ke rufe ruf ce, mai na'urar sanyaya ɗaki, kamar ɗakin aikin likita ko ma'ajiyar magani. Can tana rage kuɗin wuta ƙwarai. Amma tana dogara ga wutar da ba ta yankewa. A 2022 wajen mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da lantarki a Nijar, mafi yawansu cikin birane. Cikin Agusta na 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, ba ta maido ba sai Maris na 2024. Ɗakin gilashi in na'ura ta tsaya ya koma akwatin Abdu Mumuni.

Manyan masu zanen gini na Sahel ma ba gilashi suka sa gaba ba. Faransis Kere ya gina makarantar ƙauyensu Gando, a Burkina Faso, a 2001. Bangon na tubalin ƙasa ne, an ɗaga kwano sama da rufin ciki don iska ta bi tsakani, tagogin dogaye ne masu sili-sili. A 2022 ya sami babbar kyautar duniya ta zanen gini, shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta. Aji yana son haske fiye da ɗakin kwana, ga yara da yawa kowa da zafin jikinsa. Saboda haka ake shimfiɗa shi daga gabas zuwa yamma, tagogi su jeru kudu da arewa suna duban juna.

Gwaji cikin filin makaranta

Ƴan makaranta suna iya ganin wannan duka da idonsu. Ana samo kwali uku masu girma ɗaya, da fallen gilashi uku. A sa ma'aunin zafi cikin kowane kwali, a rufe bakinsa da gilashi. Na farko a bar shi haka. Na biyu a shimfiɗa farin ƙyalle ƙarƙashin gilashinsa, shi ne labulen ciki. Na uku a kafa masa faifai bisa ƴan sanduna, kamar taƙi ɗaya sama da gilashi, shi ne asabarin waje. A jera su cikin rana da ƙarfe goma sha ɗaya, a duba kowane bayan minti 30, a rubuta lambobin bisa allo.

Kada a yi aiki da ma'aunin likita. Shi iyakarsa digiri 42, kwalin farko kuwa zai wuce haka da nisa. A nemi wanda ke kaiwa digiri 100. In guda ɗaya ne makaranta ke da shi, sai a bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya, a bar shi ya huce cikin inuwa kafin a sa shi cikin na gaba.